Laftof Ta Zo Yaye

"…lafiya lau, alhamdulillahi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Durƙusa sosai mana, wannan wace irin gaisuwa ce a tsaitsaye kamar zalɓe a bakin rafi?"

Khalilu ya ƙara kai gwiwa ƙasa, hannunsa ɗaya dafe da jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Niyyarsa ya sulale daga gidan kafin kakarsa Iya Kaltume ta fito, amma tsohuwar nan ba ta san barcin safe ba. Tun da aka idar da sallar asuba ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, ta tasa tulin gyaɗar da aka ciro jiya tana tsinka, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Kuma ba a haifi wanda zai tsallake ƙafar Iya a gidan nan ba.

A cikin jakar, laftof ce. Da kuɗin ragunan da Iya ta turke ta yi kiwo ta sayar da babbar salla ta saya masa ita, ya buɗe ɗan shago a Bici kusa da kwaleji, yana buga wa ɗalibai takardunsu, yana tsara katin biki. Abu yana tafiya sumul, sai ga wani labari ya faɗo a waya ya hana shi sakat. Yau kuma ya yanke shawarar ya kai ta Kano ya sayar, ba tare da mai ragunan ta sani ba.

"Maigida, ina za ka da hular Juma'a ranar Talata?"

"Shago mana."

"Shago da turare? Bici ce ta koma birni, ko kai ne ka koma maƙaryaci? Labarin zuciya a tambayi fuska. Mijin da bai taɓa kawo mini cefanen ko daddawa ba, yau ya tashi da ƙamshi."

"Wane cefane zan kai wa matar da ba ta da haƙorin ci? Ai asara ce. Ke dai ki ci gaba da tsotsar goro, Allah ya ba ki lada."

"Haƙoran nan a hidimarku suka ƙare, ja'iri. Faɗa mini inda za ka."

Khalilu ya sosa ƙeya. Yana iya yi wa kowa ƙarya a garin nan ban da wannan tsohuwa, don haka ya zauna a gefen tabarmar ya jawo reshen gyaɗa ɗaya, ko hannunsa ya samu abin yi.

"Kano za ni. Laftof ɗin nan zan sayar."

"Ta lalace?"

"A'a."

"Ta ci wani?"

"Iya, ki tsaya in yi miki bayani, in dai kanki zai ɗauka. A cikin kowace laftof akwai wani ɗan abu, bai kai akwatin ashana ba, ana ce masa furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwarta. To kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ba shi ke yin ƙwaƙwalwar ba, saro ta yake a wajen wani kamfanin."

"Wato shi ƙoƙon kai kawai ya iya, ƙwaƙwalwa sai ya nemo a maƙwabta. Ai na san irinsu, ga ɗaya a gabana."

"Kin ga matsalarki ke nan. To yanzu ana cewa zai daina saro ta a wajen wancan, zai koma wajen wani."

"Faɗa suka yi?"

"Ba a sani ba. Wasu sun ce ta wancan zafi take yi, tana shanye batir. Wasu sun ce tsada ta yi. Wasu kuma sun ce shi da kansa zai fara ƙera tasa."

"Sun daɗe tare?"

"Tun ban san mene ne kwamfuta ba."

Iya ta ajiye gyaɗar hannunta, ta girgiza kai cikin jimami na gaske. "Allah sarki. Aure ke nan ya mutu."

"Ba aure ba ne, ciniki ne."

"Cinikin da aka daɗe ana yi har aka haifi wannan ta jakarka? Ni za ka gaya wa aure? To wacce ce uwar a cikinsu?"

"Babu uwa."

"Daga icce ta faɗo?"

"To, in dai sai an ce, wanda sunansa ke rubuce a bayanta shi ne uban."

"Mai ƙwaƙwalwar ita ce uwa ke nan. Daidai ne, hankali a nono ake shan sa."

"A'a, tsaya. Ai a cikin masana'antar mai sunan aka haɗa ta, daga can ta fito. Kin ga shi ne uwa ke nan. Mai ƙwaƙwalwar shi ne…" Ya tsaya, ya kalli sama. "Kai, Iya, kin rikita ni. Da na fito daga ɗaki na san komai."

"Ka san komai, amma ba ka san uwar abin da kake rataye da shi ba. To saki nawa aka yi? Akwai kome?"

"Ba a yi sakin ba tukuna."

"Yaji ta yi?"

"Ba wanda ya yi yaji."

"To me aka yi?"

"An ce za a yi."

"In ji wa?"

"Sabiru."

"Sabiru na gidan Ɗan Iya mai faci? Shi ne waliyyin amaryar ko wakilin ango?"

"Shi ma a waya ya gani. Wani Bature ne ya rubuta cewa wani na kusa da kamfanin, wanda bai yarda a faɗi sunansa ba, ya ce ya ji ana shirin yi."

"Wani ya ce wani ya ce ya ji. Yo ko Furera mai kitso in ta kawo gulma tana faɗin tsakar gidan da ta ɗebo ta. Kai an kawo maka tsegumi marar uba, ka sa hula ka fesa turare."

Gaskiyar magana, ko shi Khalilu da ya ji labarin ya fito daga bakinsa a gaban tulin gyaɗa, sai ya ji ya yi masa wani iri. A waya labarin nan ƙato ne, da hotuna da jan rubutu, kowa a zauren abokansa yana tofa albarkacin bakinsa kamar da shi aka kafa kamfanin. Amma tsoro ba ya jin kunya, in ya shiga ciki ya shiga ke nan.

"Ba za ki gane ba," ya ce. "In suka rabu, irin tawa ta zama tsohon yayi. Sababbin manhajoji ba za su hau kanta ba, kamfani zai daina aiko mata da gyare-gyaren da yake aikowa, ranar da na tashi sayarwa ko kallonta ba za a yi ba. Gara in rabu da ita tun tana da daraja, in jira sabuwar ta fito."

"Zai daina aiko mata? Ashe dai shi ne uban. Ciyarwa ai wajibinsa ce, ko an rabu. Babu alƙali a garinsu?"

"Iya."

"Yaushe sabuwar za ta fito?"

"Wasu sun ce baɗi. Wasu sun ce baɗin baɗaɗa."

"Kafin nan da me za ka buga wa 'ya'yan mutane takardu? Da haƙori?"

"Sai in ari naki. Ai biyu suka rage, ɗayan ma yana hutu."

"Ka hango hadarin nesa ka yi wanka da kashi, shi ne aikinka. Ka riga malam masallaci, ka riga ladan tashi. Ni da na auri mai hankali, da yanzu ina Makka."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma taimako na yi. Kin ci zamaninki, kin ci na 'ya'yanki, yanzu kin sa hannu a namu."

"Kuma sai na siɗe kwanon. Miƙo ta in ga abin da ragunana suka zama."

A nan ne Khalilu ya yi kuskure. Ya zuge jaka ya ciro laftof ɗin ya miƙa mata, yana cewa ta goge hannu tukuna. Iya ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ta kara kunne a jikinta kamar mai sauraron numfashi. Sai ta yunƙura ta miƙe, ta sunkuya, ta ɗora ta a gadon baya, ta warware mayafinta ta ɗaure tam a ƙirji. Kafin ya gama buɗe baki ta goya ta.

"Iya, gilashi ne da ita. Za ki fasa."

"Na goya ubanninku da gwaggwanninku ban fasa ko ɗaya ba. Kai kaɗai ne aka samu tsautsayi, shi ma a kai ne."

"Don Allah ki sauke ta. Mota za ta tafi ta bar ni."

"Ta gaida na gaba. Ba ka ce za a raba ta da mai ba ta ƙwaƙwalwa ba? To yaye ke nan. Kuma a gidan nan duk ɗan da za a cire daga nono ɗakina ake kawo shi, ba kasuwa ba. Haka na tarar, haka zan bari."

"Wane irin yaye? Na'ura ce fa."

"Tana cin abinci?"

"Tana cin wuta."

"Tana barci?"

"Tana… ana sa ta barci, amma ba irin…"

"In ta gaji jikinta yana zafi?"

"Yana yi."

"To me ya rage? Kai ma iyakarka ke nan."

Ta fara zagaya tabarmar tana jijjiga, tana ɗan bubbuga goyon ta baya. Khalilu ya miƙe yana bin ta da hannuwa a buɗe, ko za ta suɓuce ya cafe. Ƙwace abu daga bayan kakarsa ba zai yiwu ba, ko da wasa, kuma ta san haka sarai. Ana cikin wannan zagaye wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga Sabiru ne.

"Sa shi a fili in ji waliyyin da kunnena," in ji Iya.

Ya danna, muryar Sabiru ta fito tana haki. "Khalilu, ka tafi? Kar ka tafi tukuna. Kamfanin ya fito ya ce ba gaskiya ba ne."

"Alhamdulillahi."

"A'a, tsaya. Masana sun ce in kamfani ya ƙaryata da sauri haka, to gaskiya ne. Ka tafi kawai."

"In tafi ko kar in tafi?"

"Ya danganta. Wani ya ce manyan masu tsada kawai za a canja wa, ƙanana irin taka suna nan yadda suke. Wani kuma ya ce da ƙananan za a fara. Wai ma taka ƙwaƙwalwar wane kamfani ce a ciki?"

"Ta wancan mana. Akwai tambarinsa manne a jiki."

"Tambari? Ai tambari ana sayar da shi a leda, kowa yana iya mannawa. Ka buɗe ta ka duba ciki."

Khalilu ya kalli laftof ɗin da ke leƙe ta saman mayafi a bayan kakarsa. "Ba ta kusa."

Iya ta matso da bakinta kusa da wayar. "Sabiru, jikan Asiya, ina kwana? Na ce saki nawa ne?"

"Ina kwana, Iya. Wa aka saka?"

"Kai za a tambaya, kai ka kawo takardar."

"Wallahi ban san an yi saki ba. A gidan wa?"

"Ka ji waliyyi," ta ce, ta koma jijjigarta. Khalilu ya kashe wayar. Yanzu bai san ko za a rabu ba, bai san ko rabuwar ta shafi tasa ba, bai ma san 'yar wane gida ce yake ta kuka a kanta ba. Ya koma kan tabarma ya zauna daɓas, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Wasan ya fita daga ransa.

"Iya, tsoro nake ji," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ina kallonki kina jan ƙafa da ciwon gwiwa kina ɗebo wa ragunan nan harawa, kina jiƙa musu dusa. Ba ki ci namansu ba, ba ki ɗinka zane da su ba. In abin nan ya zama tarkace a hannuna, da wane ido zan kalle ki? Gara in sayar ko da an rage, in san ban zubar miki da wahala duka ba."

Iya ta daina jijjiga. Ta tsaya tana dubansa, tausayinsa ya kama ta, don ta ga da gaske yaron bai runtsa da daɗi ba kwanan nan. Ta dafa bango ta zauna a hankali, goyon yana bayanta.

"Halilu."

Ya ɗago. Ba ta kiransa da sunansa sai magana ta zama magana.

"Lokacin da uwarka Aina'u ta bar gidan nan, kana nono. Ita da mutumin nan," haka take kiran mahaifinsa, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, "zama ya ƙi, aka rabu, ba mai laifi sai rabo da ya ƙare. Danginta suka zo suka tafi da ita Minjibir, aka miƙo mini kai lokacin yayenka bai yi ba. Ka ƙi kunu, ka ƙi madara, ka zama kai da ido kawai. Mata suna shigowa suna leƙa ka, suna fita suna cewa wannan ba mai zama ba ne, kar Kaltume ta wahalar da kanta. Wata ta ce in bi uwarka da kai, wata ta ce in miƙa ka ga mai shayarwa a wani gari. Kowacce da abin da ta ji an ce. Ni ban san wacce ke da gaskiya ba, wallahi ban sani ba, kaina ya kulle kamar naka yanzu. Abin da na sani, da safe in na taɓa ka kana numfashi. Sai in goya ka in kama aikina. Gobe ma haka."

Khalilu ya sunkuyar da kai. Ya san a ɗakinta ya tashi, amma bai taɓa jin an ce an fid da rai da shi ba.

"Ni ban gane zancen kamfanoninka ba," ta ci gaba, "har yanzu ban san wa ya saki wa ba. Amma ban sayar da ragunana don in sa maka ciwon zuciya ba. Na sayar ne don ka samu abin yi. Jiya ta yi aiki?"

"Ta yi."

"To tana numfashi."

Ya goge ido da bakin hula, ya yi gyaran murya, ya nemo wasan inda ya ajiye shi. "Ashe tun ina tsumma kika maƙale mini. Shi ya sa na rasa mai so a garin nan, duk kin kore su."

"Wa zai so ka? Da na san haka za ka zama, mai yawo da hular Juma'a ranar Talata, da na bi shawarar matan nan na huta."

"Ai kin makara. An sayar ba a dawowa."

"Kaya ya mutu a hannuna, ya zan yi."

Ya yi dariya, ta farko tun da gari ya waye. "Na sallama, tsohuwa. Kin ci. To yaushe za ta gama yayen? Akwai katin bikin Raudatu a cikinta, yau na ce su zo su karɓa."

"Ta gama. 'Ya'yan zamani ba su da wuyar yaye, kai ne ka sha mini kai." Ta kwance mayafin, ya tare da hannu biyu ya karɓa, ya duba gilashin ya ga lafiya lau, sai ɗumin bayanta da ya kama jikin na'urar. Yana mayar da ita jaka ta nuna masa gindin rumbu da haɓa. "Kama mini sagarar can, mai wake-wake."

"Me za a yi da ita?"

"Ba a mayar da ɗan yaye hannu rabbana. Tata ce."

"Laftof ba ta cin kaza, Iya."

"Kai ma da aka ba ka taka ba ka da haƙori, mutumin nan ne ya cinye. Kama ta, kar ka tsaya yi mini ilimi."

Sai da ya zagaya rumbun ya sake zagayawa, da jaka a kafaɗa da turare da komai, kafin ya danne sagarar. Ya ɗaure mata ƙafa da zaren buhu ya saƙale ta a hammata. Iya ta janye ƙafafunta ta ba shi hanya, ta jawo gyaɗarta ta ci gaba da tsinka. Ya kai bakin zaure, ya tsaya, ya waiwayo.

"Iya, in kuma aka yi sakin da gaske fa?"

Ba ta ɗago kai ba. "Sai ka riƙe ta. Ai ka ga yadda ake yi."

Khalilu ya yi dariya har kazar ta tsorata ta hau kuka. Ya fita, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya ce a kai shi Bici.